An Yi Musu Tallar Injinsu

Ranar Asabar da hantsi aka gane injin ban-ruwa na manoman shinkafar Tungar Kuka ba ya nan. Wanda ya je tayar da shi ya iske ƙofar rumfar kwano a buɗe, tiyo yashe a ƙasa, ƙusoshin da ke riƙe injin a kan dakali kuma an kwance su an jera a gefe, kamar wanda ya yi aikin ba ya son ko ɗaya ya ɓace. Ranar Alhamis aka yi ban-ruwa na ƙarshe, ranar Jumma'a kuwa babu wanda ya leƙa wurin. Ke nan ba a ma san lokacin da aka ɗauke shi ba.

Kafin a aika a kira Siddo, rabin gari ya riga ya je ya gani da idonsa, har da yara da awakinsu.

Siddo mai bin sawu ne. Tun yana saurayi yake wannan sana'a, ya bi shanun sata har cikin Najeriya, ya ƙetare kogin Isa, wato Kwara, zuwa Benin a kan sawun doki. Yanzu gemunsa ya yi fari, gwiwarsa tana damunsa, amma idonsa bai daina karanta ƙasa ba. Ya daɗe tsaye a bakin rumfar yana kallon ɓarnar da ƙafafun jama'a suka yi wa wurin. Sannan ya ja da baya, ya riƙa zagayawa daga nesa, har ya samu sawun tayar kura, 'yar amalanken turawa ta ƙungiyar manoma, ta nutse cikin ƙasa saboda nauyi. A bayanta akwai sawun namiji sanye da takalmin roba, irin wanda kowa ke saye a kasuwar Gaya. Ya bi sawun har mashigin kogi. Nan ya shiga ruwa, nan kuma ya ƙare.

Kurar tana nan a mazauninta kusa da sito, an wanke tayoyinta.

Mashigin kuwa kowa ya san wanda ke ɗaure kwale-kwalensa a wurin. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, Jibo masunci ya ajiye taru ya koma ƙetarar da mutane da kayansu.

A zauren Maigari Yakuba ba a ɗauki lokaci ba aka yanke hukunci. Sawu ya je wurin Jibo, Jibo na zuwa Benin kullum, kuma shi ba ya da ko taki guda a fadamar shinkafa. Wasu suka ce a ɗaure shi a kira jandarma.

Maigari ya sallami jama'a, ya riƙe Siddo.

"Mi ka gani, Siddo?"

"Ranka ya daɗe, na ga kura ta shiga ruwa. Ban ga ta shiga jirgi ba."

"Ka san in na kira jandarma a wannan zamanin, ba Jibo kaɗai za su tafi da shi ba. Abu ne da ya shafi ƙetare iyaka. Za su ƙwace jirginsa, su karɓi salular ƙungiya, kuma Allah kaɗai ya san abin da mutanenmu suka faɗa a cikinta game da masu mulki. Shinkafa kuma ta ɗauki ciki, ba za ta jure ƙishi ba. Ka nemo mini injin nan kafin a tilasta mini."

*

Salular ƙungiya babba ce, irin mai shafawa, wasu masu aikin tallafi suka bar musu ita tare da injin. Tana hannun Zalika, sakatariyar ƙungiya, bazawara mai shekaru arba'in da wani abu, wadda ta yi lakwal, makarantar boko, har koleji. Da ita ake duba farashin taki da labarin ruwan sama, kuma duk wanda ba ya da babbar salula yana iya ara. Ranar Jumma'a Zalika ta tafi gaisuwar mutuwa garin Bana, ta bar ta a sito tana caji a jikin faifan sola. Makullin siton yana ƙarƙashin wani dutse da har yara sun san shi.

Ita ta tare Siddo a hanya.

"Baba Siddo, an taɓa mini salula."

"Ai ta kowa ce."

"Ba haka nake nufi ba. Zo ka gani."

Suka zauna a inuwar sito, mutane suka fara taruwa a kansu. Ta buɗe wurin da take duba farashin taki. Kafin rubutu ya fito, wani hoto ya rufe fuskar salular, ƙwallo na juyawa, kuɗi na zubowa. Ta nemi ɗan gicciyen da ake rufe shi, ta danna, sai wani ya buɗe, da waƙa.

"Wannan talla ce," in ji ta. "Da can ba ta zuwa. Na sa wani abu mai tare ta, don tana cinye mana forfe, kuɗin intanet ɗin da ya kamata ya kai mu wata sai ya ƙare a mako. Wani ya kashe abin ranar Jumma'a. Kuma ya share duk wuraren da aka shiga."

"To kin ga ya share. Mi ya rage?"

"Ya share a nan. Can bai share ba."

"Can ina?"

Ta ɗaga hannu ta nuna sama, ta nuna gabas, sannan ta sauke hannun. "Wurin masu tallar. Duk abin da mutum ya nema a intanet suna riƙe da shi, sai su riƙa bin sa da tallar abin. Ka nemi takalmi yau, gobe takalma za su cika maka ido."

Siddo ya kalli salular, ya kalli Zalika. "Suna ganinmu ke nan?"

"Ba gani da ido ba."

"Suna ji?"

"Wasu sun ce suna ji. Ni ban sani ba."

"Mutane ne?"

"Inji ne, Baba. Amma na mutane ne."

Bai gane ba, kuma ya lura ita ma ba duka ta gane ba. Abin da ya kama shi ne cewa duk wanda ya ari salular ya bar wani abu a baya, kuma abubuwan sun cakuɗe. Ya ce ta bar tallar ta yi ta zuwa, su gani.

Cacar ƙwallo ta zo, ta sake zuwa. Injin jirgin ruwa ya zo, iri-iri, da farashinsa. Sai wani hoton mace sanye da farar riga, ta dafa ƙirjinta, da rubutun Faransanci a ƙasa.

"Wannan fa?" wani ya tambaya daga baya.

Zalika ta karanta ba tare da ta yi tunani ba. "Asibiti ne a kudancin Benin, na masu ciwon daji na mama."

Mata biyu da ke tsaye da tallar gyaɗa suka kalli juna, suka kalli ƙirjin Zalika, don ita kaɗai ce macen da ke riƙe salular. Su kuwa maza injin jirgin kawai suka riƙe a ka. Kafin azahar gari ya ɗauka cewa salula da kanta ta tona asirin Jibo: ya sayar da injin ban-ruwa zai sayi injin jirgi.

*

Siddo ya iske Jibo zaune a kan kwale-kwalensa da aka jawo tudu. Samari sun ɗauke masa filafili da gorar tuƙi don kada ya gudu. Hausarsa ta kasuwa ce, da Dandanci, yaren mutanen bakin kogi, a ƙarƙashinta.

"Fofo, sannu Baba. Kai ma ka zo ɗaure ni?"

"Na zo tambaya. Ka nemi injin jirgi a salular ƙungiya?"

"Na nema. Kullum ina nema. Halidu makanike ke rubuta mini, ni ina kallon hoto. Kafaɗata ta gaji da tuƙi, Baba. Kallo laifi ne?"

"Kana da abin saye?"

Jibo ya yi 'yar dariya marar daɗi. "In ina da shi, ina kallon hoto?"

"Daren Alhamis kana ina?"

"Can ƙetare na kwana. Sojoji sun yi sintiri a ruwa, na ji tsoro, na ɗaure jirgi a Malanville. Da rana ta fito na dawo."

"Wa ya gan ka?"

"Mutanen can. Amma wa zai je ya kira su? Wanda ya je shaida shi ma sai a ce mai fasa-ƙwauri ne."

Siddo ya duba cikin jirgin. Akwai ɓawon albasa, akwai garin rogo da ya zube, babu ɗigon baƙin mai, babu ƙarzar ƙarfe a katako. Injin nan kuwa duk inda aka ajiye shi sai ya bar mai. Ya bi gaɓar kogi sama da ƙasa, cikin ruwa iya idon sawu, yana neman inda kura ta fito. Shanun Fulani sun sha ruwa a wurin da safe, sun tattake komi.

Daga nan ya nufi wurin Halidu makanike, wanda ke gyaran injin in ya lalace, kuma ya fi kowa sanin yadda ake kwance shi. Ya same shi a ƙarƙashin ɗorawa yana fama da wani babur.

"Cacar nan taka ce?"

Halidu ya waiga ya ga ko akwai mai ji. "Baba, don Allah kada mahaifina ya ji. Sau ɗaya na shiga, tun watan azumi bai zo ba. Sau ɗaya. Abin ya manne mini kamar ƙaya. Ko a tawa 'yar salular saƙonninsu ba sa barina barci. Na canza lamba, suka biyo ni."

"Yaya suka san sabuwar lambar?"

"Da na sani da na huta."

"Kai ka kashe abin tare talla?"

"Ni? Ai ni na fi kowa son a bar shi a kunne."

Wannan ta zauna wa Siddo. Ya tambaye shi wa da wa suka ɗauki salular ranar Jumma'a. Halidu ya ce shi ya ɗauka bayan masallaci, Jibo ya zo suka kalli injuna, sannan ya mayar. Da safe kuwa da ya fara zuwa nemanta bai same ta ba, bai kuma tambayi wanda ya ɗauka ba.

Siddo ya koma gida da yamma ba ya da komi. Ya saba da ɓarawon da ke jan reshe a bayansa don ya shafe sawu, ya saba da mai juya takalmi. Wannan karon an ce masa akwai sawu, amma ba a ƙasa yake ba, yana wurin wasu da babu wanda ya san garinsu, kuma duk wanda sawun ya nuna sai a iske bai yi komi ba in ban da kallo.

*

Washegari ganyen shinkafa ya fara naɗewa. Zalika ta zo gidan Siddo idanunta jawur.

"Tun jiya mata ke shigowa gaishe ni da jiki. Gwaggona ta zo daga Zabori tana kuka. Na ce lafiyata ƙalau, suka ce in yi haƙuri, haka masu ciwon suke cewa. Ni ban taɓa neman wannan asibitin ba, Baba. Zan mayar da abin tare tallar nan in huta."

"Bari tukuna. Don mi mutum zai kashe shi tun farko? Wa ke son talla?"

"Babu. Sai dai akwai wuraren da ba sa buɗewa sai ka kashe shi. Su ce maka: kashe, sannan ka shigo."

"Wane irin wuri?"

"Jaridu. Wuraren saye da sayarwa." Ta ciro salular.

Rezo, wato sabis ɗin waya, babu a cikin gari. Suka taka zuwa tudun bayan makabarta, inda ake kama shi in an ɗaga hannu. Can ma sai da ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, wani lokaci na Nijar, wani lokaci na Benin ya shigo ya hana komi tafiya. Salular ta ce sai an sabunta wani abu, Zalika ta ce a'a, ta sake tambaya, ta sake cewa a'a. Caca ta zo. Asibiti ya zo, Zalika ta kawar da kai. Siddo ya zauna a kan dutse yana murza gwiwa, yana tunanin ɓata lokaci suke yi.

"Baba."

Muryarta ce ta sa ya miƙe. A tsakiyar farashin taki, wani ɗan hoto ya fito: injin ban-ruwa, ja, da shuɗin fenti a jikin tankinsa, fentin da Halidu ya shafa bara inda ya fara tsatsa.

"Namu ne," in ji ta. "Ana yi mana tallarsa. An rubuta wai mu yi sauri kafin wani ya riga mu."

"Wa ke sayarwa?"

Ta danna. Abin ya yi ta juyawa. Da ya buɗe, babu sunan kirki, haruffa ne kawai da lambobi, an ce kayan yana Gaya, mai so ya bar saƙo. Daga wannan salular aka saka hoton, shi ya sa wurin ya riƙa biyo ta da shi.

"Babu suna," ta ce.

"Za ki iya ƙara masa girma?"

Ta ware yatsu biyu a kan gilashin, injin ya cika fuskar salular.

"Ba injin ba. Ƙasan."

Ta ja hoton gefe. Ƙasa ce ta cikin ɗaki, mai laushi, da hasken safiya ya shigo ta ƙofa ya kwanta a kanta. Siddo ya kare rana da hularsa, ya kawo idonsa kusa. Talla ta faɗo ta rufe hoton. Zalika ta kore ta. Wata ta faɗo. Da ta kore wannan, sai ya gani: a gefen injin, rabin sawu, ba na roba ba. Takalmi ne sau-ciki mai dunduniya, dunduniyar ta cinye ta waje, an yi mata faci da ƙusa.

Salular ta yi ƙara ta mutu, caji ya ƙare.

"Ka ga wani abu?"

"Na gani," in ji Siddo, kuma bai ji daɗin ganin ba.

*

Mutum ɗaya ne a Tungar Kuka ke sa takalmi sau-ciki. Mamman ya yi shekaru yana aikin cike takardun manyan motoci a bakin gada. Da aka rufe gadar aikin ya mutu, ya dawo gida ya kama gonar mahaifinsa, ya sayar da babur, ya sayar da babbar salularsa, amma bai daina goge takalminsa kowace safiya ba. Mutum ne mai kunya, ba a taɓa jin sa da kowa ba. Jiya a zaure da ake cewa a ɗaure Jibo, Siddo ya tuna, Mamman na zaune a lungu, bai ce a ɗaure ba, bai kuma ce kada a ɗaure ba.

Ya yi sallama a ƙofar gidan. Matar Mamman, Hajara, ta amsa daga ciki ta ce maigidan ya fita, ya shigo ya sha ruwa. Siddo ya tsaya a tsakar gida. Ga sawun takalmin nan ko'ina, ya je ƙofar tsohon ɗakin ajiya da ke kulle, ya dawo. Ga ɗigon baƙin mai a bakin ƙofar, an watsa masa toka.

Amma wani sawun ne ya riƙe idonsa. Na mace, babu takalmi, taku gajere, nauyin duk a dama. Tsakanin murhu da randa ta tsaya ta huta, ga inda ta dafa bango. Hajara ta kawo ruwa da hannu ɗaya, ɗayan hannun a manne da jikinta ƙarƙashin mayafi. Ta rame ƙwarai.

"Sannu da gida, ɗiyata. Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Baba."

Ya sha ruwan, ya yi godiya. A hanya ya tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi ya daɗe. Tallar asibitin ta dawo masa a rai, ya ga ashe tun jiya salular ta faɗi gaskiya, su ne suka ɗora ta a kan wadda ba ita ba.

*

Bayan la'asar Maigari ya tara mutane. Siddo ya sa an share ƙofar zaure an yayyafa ruwa, ya ce kowa ya taka ya wuce kafin ya cire takalmi. Jibo ya zo tsakanin samari biyu. Halidu ya zo yana zare ido, don mahaifinsa na wurin. Zalika ta zo da salular, an yi mata caji. Mamman ne ya shigo kusan ƙarshe.

Siddo ya ce, "Ranka ya daɗe, injin bai ƙetare kogi ba. An sa takalmin roba, an tura kura cikin ruwa ne aka bi gaɓa, don a ce jirgi ya ɗauka. Jibo ba ya ciki. Halidu ba ya ciki."

Ya sa Zalika ta nuna hoton, wanda ta yi dabarar ajiyewa kafin salular ta mutu, don kada rezo ya ba su kunya. Aka riƙa miƙa salular hannu zuwa hannu, wasu suna riƙe ta a juye. Sannan ya kai Maigari da dattawa bakin ƙofa, ya nuna musu ƙasar da aka yayyafa wa ruwa. Cikin sawun roba da na ƙafa tsirara, ga dunduniya ɗaya mai facin ƙusa.

Babu wanda ya kira suna. Takalmin yana nan a ajiye a bakin zaure, a goge.

Mamman ya miƙe. "Yana ɗakin ajiyata. Babu abin da ya same shi. Ni kaɗai na yi."

Hayaniya ta tashi, Maigari ya ɗaga hannu.

"Mamman, ka ci amanarmu, ka kuma zauna kana kallo za a ba da bawan Allah ga jandarma. Don mi?"

Mamman ya sunkuyar da kai.

"Tambayarka nake."

"Ranka ya daɗe, ku yi mini duk hukuncin da kuka ga dama."

Wani dattijo ya ce, tun da salula ta san komi, a tambaye ta. A buɗe ta gaban kowa, a karanto duk abin da Mamman ya nema, a ga ko caca ce ko mace ce a Malanville. Mutane da yawa suka goyi baya.

"In za a karanta nasa, sai a karanta na kowa," in ji Siddo. "Ba ta rarrabewa. Duk wanda ya taɓa aronta, abin da ya nema shi kaɗai, za a ji shi a nan. Ni dai inji aka ce in nemo."

Halidu ya ce shi yana ganin a bar maganar. Dattijon da ya kawo shawarar ma ya janye ta.

Maigari ya yanke: Mamman zai mayar da injin da hannunsa kafin magariba, an cire shi daga ƙungiya, zai kuma tsaya gaban jama'a ya nemi gafarar Jibo. Ba za a kira jandarma ba. Mamman ya je gaban Jibo ya durƙusa. Jibo ya kalle shi, ya ce a ba shi filafilinsa, ya fice bai amsa ba.

Da magariba aka ji ƙarar inji daga fadama.

*

Bayan kwana kaɗan Zalika ta zo wurin Siddo, ta zauna a bakin tabarma.

"Hajara ta aiko an kira ni. Ta nuna mini, Baba. Ciwon maman ya yi nisa, kuɗin asibiti Mamman ke nema da injin. Ta sa Mamman ya rantse ba zai gaya wa kowa ba, ko uwarta ba ta sani ba. Ta ce ta ga yadda aka yi wa wata a garinsu, aka daina cin abincin hannunta tun tana da rai. Da na ce mata salula ta nuna asibitin gaban mutane, sai ta tambaye ni wa ya gaya wa salular." Ta ɗago. "Ka sani, ko?"

"Na ga tafiyarta."

"Mata sun haɗa mini gudummawa, wai in je asibiti. Na ƙi karɓa, sun ƙi mayarwa. Jiya na karɓa."

Siddo ya dube ta.

"Na ce musu zan tafi, kuma Hajara za ta raka ni, tun da babu mai shiga gidansu yanzu. Sun ce na kyauta." Ta gyara mayafinta. "Ban sani ba ko zunubi ne."

"Ni ma ban sani ba," in ji shi. "Wa zai ƙetarar da ku?"

"Shi ne na zo. Jibo ba zai ɗauki matar Mamman ba sai in kai ka roƙe shi."

Siddo ya je. Bai gaya wa Jibo komi ba, ya ce kawai alfarma yake nema. Jibo ya ce saboda Zalika zai yi.

Ranar tafiya mata suka rako su har mashigi, suna yi wa Zalika addu'a, suna riƙe mata hannu. Hajara na biye da ƙullin kaya mara nauyi. Mamman ya tsaya can nesa bayan wata giginya. Wajen shiga jirgi Zalika ta taka da ƙarfinta ta shige. Hajara ta ɗaga ƙafa ta kasa. Jibo ya miƙa mata gora ta dafa, ya dube ta, ya dubi Zalika, ya juyo ya dubi Siddo a kan gaɓa. Sannan ya cire rigarsa ta sama ya naɗe, ya sa wa Hajara a bayanta ta jingina, ya tura jirgin a hankali.

Maigari ya zo ya tsaya kusa da Siddo.

"Allah ya ba Zalika lafiya. Mace mai ƙoƙari."

"Amin," in ji Siddo.

A gabansu, cikin laka, sawun matan biyu ya gangara zuwa ruwa, ɗaya mai faɗi da ƙarfi, ɗaya gajere mai karkata. Maigari ma ɗan ƙauye ne, ya yi kiwo da ƙuruciya, kuma idonsa ya fara sauka ƙasa. Siddo ya ce gwiwarsa ta riƙe, bari ya jiƙa ta. Ya gangara bakin ruwa yana jan ƙafa, daidai ta kan sawun.